Wayar da ba ta da sim

Har yanzu ina tuna wani ƙanin mahaifina, wanda muke kira Kawu, da ya zo mana Sallah daga Kano da wata 'yar waya. Muka buɗe bayanta, muka cire batir, muka rasa inda ake saka sim. Ya ce ai ita irin wannan layinta a jikinta yake, kuma kira da ita ya fi araha. Sai dai kwanansa huɗu a ƙauyenmu da ke ƙasar Ƙanƙara, ko sau ɗaya ba ta yi ƙara ba. Da fitilarta kawai ya amfana.

Sai daga baya na gane cewa wayar Kawu 'yar wani gida ce daban. Tsari biyu ne ke kokawa a duniya a lokacin: GSM na Turai, da CDMA wanda kamfanin Qualcomm na Amurka ya haɓaka. Mu GSM muka buɗe ido da shi. A watan Janairun 2001 hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi gwanjon lasisi a kan dala miliyan 285 kowanne, MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta, minti ɗaya naira 50. Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa. Su kuwa Starcomms da Multi-Links da Visafone, masu CDMA, galibi a manyan birane suka tsaya. Mu da muke hawa dutse ko bishiya neman sabis, wanda ya kafa mana ƙarfe a kusa shi ne namu.

Amma an riga an yi rigimar tun kafin waya ta iso mu. Da aka zo tsara 3G, Turawa da Japanawa suka zaɓi W-CDMA, wanda saiwarsa ke cikin fasahar CDMA. Qualcomm ya ce gonarsa aka shiga, ba zai ba da izini ba sai an daidaita sabon tsarin da nasa. Ericsson na Suwidin ya ce shi ma yana da takardun mallaka, ba zai saki ba. Kowa ya riƙe wuyan rigar ɗan'uwansa, har hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta yi barazanar ajiye tsare-tsaren CDMA gefe. A watan Maris na 1999 suka sasanta: kowa ya buɗe wa ɗaya fasaharsa, Ericsson ya sayi sashen Qualcomm mai ƙera kayan tashoshi. ITU kuma, maimakon tsari ɗaya da aka yi buri, ta amince da guda biyar. A ganina wannan rabon gado ne kawai aka yi don kowa ya yi shiru. Nokia ma sai 2008 ta gama nata shari'o'in da Qualcomm, da yarjejeniyar shekara 15.

Abin da ke ba ni dariya shi ne, CDMA ya faɗi a kasuwarmu, har MTN ya saye Visafone a 2016, amma Qualcomm bai yi asara ba. Manomin Faskari da ya sayar da masara ya sayi wayar 3G, akwai la'adar Qualcomm a cikin kuɗin, bai ma taɓa jin sunan ba.

A watan Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda 'yan bindiga, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Duk wayoyinmu suka koma irin ta Kawu. Mai son jin muryar ɗansa da ke Legas sai ya biya kuɗin mota zuwa inda sabis yake, ya tafi da lambobin maƙwabta a rubuce a takarda.