Labarin da Ya Riski Victoria Davies a Hanyar Zumunci

Hausawa kan ce zumunta a ƙafa take. Amma mai tafiya zumunci bai san irin labarin da zai tarar ba. Haka abin ya kasance ga Victoria Davies, 'yar Legas mai kimanin shekara 17, a watan Agusta na shekarar 1880, lokacin da ta nufi fadar Osborne da ke tsibirin Wight a kudancin Ingila domin gaida Sarauniya Victoria.

Me ya haɗa yarinya 'yar Legas da Sarauniyar Ingila? Asalin abin daga mahaifiyarta ne. Mahaifiyar Bayarabiya ce, wadda mayaƙan Sarki Ghezo na Dahomi suka kama tun tana ƙarama, bayan an hallaka iyayenta a yaƙi. A shekarar 1850 sarkin ya miƙa ta ga wani hafsan sojan ruwan Ingila, Kyaftin Frederick Forbes. Shi ne ya sa mata suna Sarah Forbes Bonetta, wato ya haɗa sunansa da na jirginsa. Da aka kai ta gaban Sarauniya a Windsor, sai basirarta ta burge ta, ta ɗauki nauyin tarbiyyarta da karatunta. A 1862 aka ɗaura wa Sarah aure a garin Brighton da wani attajirin Legas, James Davies. Da suka sami 'yar fari a 1863, sai suka sa mata sunan Sarauniya, ita kuwa Sarauniya ta amince ta zama uwar baftismarta. Ke nan babu jini tsakaninsu, sai dai riƙo da takwarantaka.

Sarah ta daɗe tana fama da tari. Da ciwon ya tsananta, ya tabbata tarin fuka ne, sai ta tafi tsibirin Madeira neman sauƙi, domin likitocin wancan zamani sun yarda iskar wurin tana taimakon masu ciwon ƙirji. A can ta rasu ran 15 ga Agusta, 1880, tana da kimanin shekara 37. A wannan lokaci 'yarta tana Ingila. Kwanaki suka shuɗe tana shirin ziyara, ba ta san ta riga ta zama marainiya ba. Labarin bai iso gare ta ba sai a ranar da za ta gana da Sarauniya. Ita kanta Sarauniya ta rubuta a littafinta na tunawa cewa ta ga yarinyar, wadda a safiyar nan ta sami labarin rasuwar mahaifiyarta.

A dubi halin da yarinyar ta shiga. Uwa ta rasu a wani tsibiri na tsakiyar teku, an binne ta a can. Gida yana Legas, tafiyar makonni a jirgin ruwa. Babu zaman makoki, babu gwaggo ko inna da za ta faɗa jikinta ta yi kuka. Wadda ta rage mata a kusa ita ce tsohuwar da ta riƙi mahaifiyarta shekara 30 da suka wuce. Tsohuwar nan kuwa ta san zafin rashi, domin mijinta Albert ya rasu a 1861, 'yarta Alice kuma a 1878.

Ta'aziyyar ba ta tsaya a baki ba. Sarauniya ta yanka wa yarinyar kuɗin shekara-shekara, ta kuma biya mata karatu a kwalejin 'yan mata ta Cheltenham. Victoria ta koma Legas, ta auri Dakta John Randle a 1890, amma ba ta yanke zumuncin ba, har 'ya'yanta ta kai wa Sarauniya ta gani.

Gaskiya ne alherin nan ya faru ne a inuwar mulkin mallaka, domin Ingila ta mamaye Legas tun 1861, kuma ba kowane maraya ne ya sami irin wannan gata ba. Duk da haka, akwai abin lura ga mai shirin zama malami. Wata rana saƙon rasuwa zai iso makarantar kwana, alhali iyayen ɗalibi suna nesa. A ranar, malami ne dangin da ke kusa. Yadda ya zaunar da yaron, da kalmar da ya fara furtawa, da ko ya ci gaba da waiwayarsa bayan an share makoki, su ne abin da yaron zai riƙe har tsufansa.