Layi Ɗaya a Takardar Sito

Na yi shekaru riƙe da makullin sito a wata makarantar gwamnati. A farkon zuwana, in benci ya karye, shugaban makaranta ke kiran kafintan unguwa, su yi ciniki, a biya. Kowace makaranta da nata farashin, babu mai tambaya.

Sai zamani ya juya. Tun a 2001 gwamnatin Obasanjo ta buɗe ofishin tantance farashin kwangila, wanda Oby Ezekwesili ta yi suna a cikinsa. A 2007 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu a dokar sayen kayan gwamnati, aka kafa hukumar BPP. Ita ba ta zuwa kasuwa. Ƙa'ida take shimfiɗawa. A tallata aiki a jarida, 'yan kwangila su kawo tayi a rufe tare da shaidar biyan haraji, a buɗe a gaban kowa, a ba wanda ya fi sauƙin farashi cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. In kuɗin ya yi yawa, sai ta ba da takardar amincewa kafin a ci gaba.

Mu a ƙasa, abin da ya iso mana shi ne fom. Ma'aikatarmu ta ce kowace makaranta ta rubuto buƙatarta, za a haɗa a saya gaba ɗaya. Na goyi bayan haka, har yau ma ina goyon baya, don mai sayen buhu ba ya biyan kuɗin mai sayen mudu.

Na cika fom ɗin cikin gaggawa. Na rubuta "benci da tebur", na sa adadi, na miƙa. Ban faɗi irin katako ba, ban faɗi kaurinsa ba, ban ce 'yan aji ɗaya da 'yan aji shida tsayinsu ba ɗaya ba ne.

Bayan watanni tirela ta sauke kaya, fes da fenti. Kafin damina ta fita, ƙusoshi sun fara leƙowa suna yaga wandunan yara. Na kai ƙara. Jami'in da na tarar ya jawo fayil, ya ɗora yatsa a kan rubutuna, ya ce, "Malam, ga abin da ka nema, ga abin da aka kawo. Da me zan kama ɗan kwangila?"

Raina ya ɓaci, amma gaskiya ya faɗa. Mutanen da ke zaune a kwamitin sayen kaya ba su taɓa shiga ajinmu ba; takardata ce idonsu. Suna neman mafi arha, ni kuwa ban sa musu iyakar da arha za ta tsaya ba.

A shekara ta gaba na kira tsohon kafintan nan, muka zagaya azuzuwa da tef ɗinsa. Shi ya faɗa mini katakon da gara ba ta saurin ci, da inci nawa ƙafar benci take buƙata. Layi ɗaya ya zama shafi biyu. Ranar da kaya suka iso, sai da muka auna su ɗaya bayan ɗaya, na ware waɗanda ba su kai ba, direba na ta huci, sannan na sa hannu a takardar karɓa.