Tukunya Babu Tsoka

Kano,
Daren Lahadi.

Yaya,

Ya ƙafar Inna? Allah Ya ƙara sauƙi.

Kin tambaye ni a waya yadda muke ciki da maganar abincin Baban Abba, na ce miki maganar ta fi ƙarfin kati. To ga ta a takarda.

Likita bai hana shi nama ɗungurungum ba. Cewa ya yi ya rage jan nama da kayan ciki da kitse, ya kuma rage gishiri, saboda hawan jini da maiƙon da aka gani a jininsa. Ni ce na ga ba zan iya ɗora tukunya biyu kullum ba. Ga tsadar gas, ga nama da tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya haye bai waiwayo ba. Sai na yanke cewa daga Litinin zuwa Alhamis babu nama, babu kaza, babu kifi a gidan nan, kuma dokar ta hau kan kowa. Ƙwai da nono suna nan. Juma'a da ƙarshen mako a ci daidai gwargwado.

Kin dai san mutanen gidana da tsirfa. Abba kafin ya yi bisimilla sai ya sa cokali ya lalube miyar kaf, in bai ci karo da komai ba ya ce, "Mama, yau ma lami?" Ummi kuwa tsinta take yi: albasa gefe, tattasai gefe, duk wani kore gefe, sai ta jera su a bakin faranti sannan ta fara ci. Auta ba ya cin abu mai yauƙi, kuma ba ya yarda miya ta taɓa shinkafarsa. Sai Hajiya, surukata. Ranar farko ta buɗe kwano, ta rufe, ta aiko a kira ni. Ta ce, "'Yar nan, abin da Allah Ya halatta ke za ki haramta mana? Ko Indiyawa muka koma ban sani ba?" Na durƙusa na ce ba haramtawa ba ce, lafiyar ɗanta ake lallaɓawa. Ta ce ɗanta dai, ita lafiyarta lau.

Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne, mutanen nan da ke kukan nama su ne suke wawason ɗanwake. Wa ya taɓa tambayar tsoka a ɗanwake? Garau-garau da mai da yaji, alale, ƙosai, dambu, kwaɗon rama, faten tsaki, duk cinye su suke yi babu ƙorafi. Rabin abin da muka tashi da shi a gidan Inna babu nama a ciki, ba mu kuma taɓa kiran sa da wani suna ba, abinci ne kawai. Rigimar ba ta tashi sai ranar tuwo ko ranar shinkafa da miya, wato inda ido ya saba ganin wani abu a zaune a saman malmala.

Ki tuna yadda Inna take rabo. Ita kaɗai ke tsamo nama daga tukunya. Kwanon Baba ne farko, da tsoka mafi girma. In akwai baƙo, shi ke bi. Sannan mu, daga babba zuwa ƙarami, kowa yana leƙen na ɗan'uwansa. Kuma ba mai cin nasa sai ya gama tuwo, ke har ɓoye naki kike yi a kumatu ki fita da shi tsakar gida. Na gane cewa tsokar nan a gidajenmu ita ce shaidar an san da zaman mutum. Shi ya sa Hajiya ta ga raini a kwanon da suruka ta kai mata babu komai a sama, ko da miyar ta fi ta jiya daɗi. Abba ma ba ƙarfin jiki yake nema ba, rabonsa na babban ɗa yake nema. Tun da na fahimci haka, ba na fitar da kwano sai da abin da za a ƙirga a kansa: yankan awara, ko rabin dafaffen ƙwai, ko ƙosai biyu. Na Hajiya da na Baban Abba su fi girma, na Abba ya ɗara na ƙannensa. Ƙorafi ya ragu da fiye da rabi tun kafin in canja komai a cikin miyar.

Awara ce ta fi ɗaukar nauyin aikin, don haka bari in tsaya a kanta. Muna yara ba ta cika gari haka ba. Mutanen Binuwai sun daɗe suna noman waken suya, amma shigowarsa ɗakin girki ya ƙaru ne a shekarun 1980, lokacin da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, wadda take da reshe a nan Kano, ta dage wajen koya wa mata sarrafa shi a gida. Furotin ɗin da ke cikin busasshen waken suya ya haura kashi 35 cikin 100, alhali farin wakenmu kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne. Na daina sayen ta bakin titi saboda gishiri da dunƙulen da ake zabga mata, da man da ake ta maimaita suya da shi. Da kaina nake yi. In jiƙa waken, in murje ɓawon, a kai markaɗe, in tace da kyalle, in bar madarar ta tafasa sosai, don ɗanyen waken suya yana ɓata ciki, kuma gafinsa ba ya fita sai ya ji wuta. Sannan in zuba ruwan tsamin da na tsiyaye daga gasarar koko, kaɗan-kaɗan, har ta tattaru ta rabu da ruwa. In kwashe a kyalle, in ɗaure, in ɗora turmi a kai.

Ga dabarar da ta ci Abba da yaƙi. Idan aka samu wuta ta zauna, sai in yanka awarar in saka ta a firiza ta daskare ƙanƙara, washegari in narkar in matse ruwan. Ƙanƙarar tana huda mata ƙananan ramuka, sai ta yi tauri tana jan haƙori, kuma in ta shiga miyar dage-dage sai ta shanye romon har ciki. Ban taɓa ce masa nama ba ce. Yaron da ya kai shekara 15 ba a yi masa wannan wayon, kuma ranar da ya kama ki ya daina yarda da tukunyarki ke nan. Awara na ce masa, ya ci a matsayin awara. Ranar da na shafa mata yajin ƙuli da ɗan man gyaɗa, na tsira ta a tsinke na gasa a kan gawayi da albasa da tumatir, shi ne ya tsaya yana yi mini fifita. Shi kuwa in ya ci, ƙannen sun ci, in ya yamutsa fuska duk sun yamutsa. Wake ɗaya ne mai ɓata mini gari, don haka shi nake fara kamawa.

Ita miyar kanta, gaskiya ƙashi da romo suna ba ta wani zurfi da ruwa zalla ba ya bayarwa. Hanya mafi sauƙi ita ce a ƙara dunƙule, to ita ce kuma aka rufe mana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi, dunƙule kuwa mafi yawansa gishiri ne. Kanwa ma dangin gishirin ce a wajen mai hawan jini, ga shi tana kashe wasu sinadaran da ke cikin wake, don haka yanzu jiƙa wake nake yi tun dare in zubar da ruwan, ya dahu ba sai da ita ba, kumburin ciki ma ya ragu. Abin da ya maye gurbin romo abu uku ne: albasa mai yawa da nake soyawa a wuta kaɗan har ta yi ja ta narke, daddawar kalwa da nake ɗan gasawa kafin in daka, da markaɗaɗɗiyar gyaɗa ko riɗi. Miyar taushe da aka yi haka, da kabewa da yakuwa da alayyahu, ba ta neman alfarmar kowa. Kuka ma ta karɓa. Kuɓewa ɗanya ce har yanzu ban gamsu da ita ba, sai na bar ta sai ranar Juma'a.

Na kuma leƙa tukwanen maƙwabta. Matar da ke bayanmu, mutuniyar Inugu, ta koya mini okpa, wanda suke yi da garin gurjiya da manja, a ƙulla a dafa kamar alale. Ni ya yi mini, yara suka ce ya cika nauyi, Hajiya ta ce gurjiya dafawa ake yi a ci da hannu, ba a wahalar da ita. Ya wuce. Na Kwarori ya fi samun shiga. Suna da wata shinkafa da suke dafawa da adas, su lulluɓe ta da soyayyar albasa, wadda in kin duba garau-garau ce ta sha ado. Na yi ta da wake, na soya albasar har ta yi ƙaras-ƙaras, sai ga Ummi mai tsince albasa tana tsinto ta tana kaiwa baki. Ashe laushinta da santsinta ne ba ta so. Daga nan na koma markaɗa duk abin da zai yi laushi a miya, abin da za a gani kuma in bar shi da ƙarfinsa. Zogale ma haka: a miya ba ta ci, amma a dambu da gyaɗa, ko a kwaɗo da ƙuli-ƙuli mai yawa, tana ci tana ƙari.

Ta Hajiya ce za ta ba ki dariya. Faten wake ta ce abincin 'yan makarantar kwana ne. Sai na tuna yadda take ba da labarin karin kumallon da suka riƙa yi a Madina, ful da burodi mai faɗi. Na dafa wake ya yi luguf, na farfasa shi da ludayi, na sa tafarnuwa da lemon tsami da ɗanyen tumatir da albasa, na kwarara mai a sama, na kai mata da gurasa mai zafi. Ta ci ta suɗe, ta ce wannan kam abincin Larabawa ne mai albarka. Yanzu ita take tambaya. Ban ce mata komai ba, ke ma don Allah kada ki ce.

Auta ne ban matsa wa ba. Nakan sa masa ɗan kaɗan a gefe cikin wani ƙoƙo daban, ban ce ci ba, ban yi alkawarin alawa ba. Masu nazarin cin abincin yara sun nuna cewa yaro kan buƙaci ganin sabon abu sau da yawa, wani har sau 10 ko fiye, kafin bakinsa ya karɓa, tilas kuwa ƙara masa ƙiyayya take yi. Ya fara cin kabewa in an gasa ta. Karkashi da lalo kam ko kallo ba su ishe shi ba, na kuma bar shi, ba dole ne mutum ya so komai ba. Abin da na lura yana aiki a kansa shi ne sa shi aiki: ranar da ya tsinke zogale ko ya ɓare ƙwai, sai ya ɗanɗana don ya ji abin da hannunsa ya yi.

Na san abin da za ki ce, kada in ramar da yara. Ina lura. Hatsi da wake in sun haɗu suna cike wa juna giɓi, abin da wannan ya rasa wancan yana da shi, don haka shinkafa da wake ko tuwo da miyar gyaɗa ba abincin yunwa ba ne. Abu biyu nake sa wa ido. Sinadarin B12 babu shi a ganye ko wake, sai a abin da ya fito daga dabba, shi ya sa kindirmo da ƙwai ba sa yankewa. Na biyu sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, musamman ga Ummi da ta fara girma. Wanda ke cikin wake da ganye jiki ba ya zuƙar sa da sauƙi kamar na nama, amma lemon tsami da ɗanyen tumatir suna taimaka masa, shayi kuma yana tare shi. Don haka na raba shayi da lokacin cin abinci, abin da ya jawo mini wata shari'ar da Hajiya.

Wanda aka yi duk wannan dominsa kuwa, shi ne bai taɓa yin ƙorafi ba. Ya ci, ya ce an gode, Allah Ya yi albarka. Sai dai wasu ranakun yakan dawo daga sallar isha'i a makare, hannun rigarsa yana ƙanshin yaji da hayaƙi. Ban tanka ba tukuna. Na dai roƙi abokinsa da suke dawowa tare ya riƙa bi da shi ta ɗaya layin, wanda babu mai balangu. Awonsa na ƙarshe likita ya ce an samu sauƙi, ya ci gaba da magani kada ya sake.

Yanzu ga roƙona. Daddawar da nake samu a nan wata an gauraya ta da waken suya, ƙanshinta bai kai ba. In direban da ke zuwa Dawanau zai shigo, ki aiko mini da ta kalwa zalla irin wadda kika kawo da Sallah, da busasshiyar yakuwa, da ƙuli-ƙuli marar gishiri in za a samu mai yi. Ki kuma tambayar mini Inna yadda take fitar da ɗacin tafasa kafin ta kwaɗa, sau nawa take zubar da ruwan, don damina ta kusa kuma ina so in gwada su da ita.

Ki gaishe da Inna da kyau, ki gaishe da maigidan da yara. Hajiya tana gaishe ku.

Wassalam,
Ƙanwarki.