Yadda Na Yi wa Kwamfutata Sabuwar Ƙwaya a Sunkani

'Yan'uwana 'yan makaranta, ga labarin abin da ya same ni a cikin watan Maris na 2024, lokacin da aka tura ni gwajin koyarwa a wata makaranta a Sunkani, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ardo Kola, ba nisa da Jalingo. Na daɗe ina jin kunyar ba da shi, amma na ga gara in faɗa da bakina kafin abokaina su ƙara masa gishiri.

Ina da wata tsohuwar kwamfuta ta ɗauka da hannu wadda wana ya bar mini. A cikinta nake rubuta shirin darasi, a ciki kuma nake ajiye makin yaran ajina duka. Tsarin da ke tafiyar da ita shi ne Ubuntu, ɗaya daga cikin ire-iren Linux. Aibinta ɗaya, abin da ke kama intanet a cikinta ya mutu. Ran nan na shiga kasuwar Jalingo na sayo ɗan ƙaramin makami irin wanda ake sokawa a gefe, na dawo ina murna. Na soka, shiru. Na zare na hura masa iska na mayar, shiru. Da na bincika sai na gane makamin lafiyarsa lau, ƙwayar da ke cikin kwamfutar ce ba ta san harshensa ba.

To, mece ce ƙwaya? Turawa suna ce mata kernel, watau abin da ke cikin ɓawo, kamar gyaɗa in an ɓare. Ita ce ke tsakanin ƙarfen kwamfuta da dukan manhajojin da muke gani. Ita ke raba musu lokacin aiki, ita ke ba kowace wurin ajiya, ita ke magana da faifai da allo da madannai. Kowane irin ƙarfe kuwa yana da tafintansa a cikinta, wanda ake kira direba. In babu tafinta, ko ƙarfen ya yi ta ihu ba mai jinsa. Wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya fara rubuta ta Linux. Ya sanar da duniya ran 25 ga Agusta 1991, kwana biyu kafin a yanke Jihar Taraba daga tsohuwar Gongola, ashe ita da jiharmu sa'o'in juna ne. Yau layukan rubutunta sun haura miliyan 30, kuma an yarda kowa ya ɗauka, ya karanta, ya gyara, ba ko kwabo.

Tawa ita ce mai lamba 5.15, ta shekarar 2021. Tafintan da nake nema sai a sababbi. Sai na ce a raina, mutum ɗan kwaleji guda, me zai hana in haɗa tawa? Na ɗaura wayata da igiyar caji na sauko da asalin rubutun mai lamba 6.6, wanda ya fito a Oktoba 2023. Ya ɗan haura megabayit 130, kuɗin abincina na kwana biyu ke nan.

Shi asalin rubutun nan galibinsa da harshen C aka yi shi, mutane ke iya karanta shi, inji ba ya iyawa. Sai an harhaɗa shi, watau an sa wata manhaja ta juya shi zuwa harshen inji. Kafin nan sai ka zaɓi abin da kake so a ciki. In ka buga make menuconfig sai wani shuɗin allo ya fito da dubban tambayoyi: wannan a sa shi ciki, ko a ajiye shi gefe sai an bukace shi, ko a bar shi. Masu hankali sukan kwafi zaɓin tsohuwar ƙwaya su ƙara abu ɗaya da ya kawo su. Na kwafa, na ƙara tafintana. Da nan na tsaya da ba ku ji wannan labari ba. Amma daɗin mulki ya ɗebe ni. Na shiga yanke duk abin da ban san sunansa ba, kamar sabon manomi da aka ba fartanya, ba ya bambanta dawa da gamba. Na iske wani layi mai maganar faifan SCSI, na ce ai wannan kayan kakanni ne, na share.

Ran Asabar na kai ta shagon mai cajin waya, don shi ke da janareta. Zafin Maris na ƙasarmu kun san shi. Injin ya ɗau zafi har na ɗora shi kan duwatsu biyu ina yi masa fifita da mafici, yara sun kewaye ni suna kallon rubutu yana gudu a baƙin allo. Wani ya tambaye ni ko da Turai nake magana. Daga azahar sai da aka kusa kiran magariba sa'an nan ta gama. Na girka ta, ta zauna kusa da tsohuwar a cikin ɗakin da ake kira boot, kowace da lambarta.

A nan ne wani dattijo, malamin lissafi na makarantarmu, ya zo karɓar wayarsa. Bai san kome game da kwamfuta ba, amma ya fi shekara talatin yana riƙe da alli. Ya ce, "Ɗana, me ake toyawa?" Na yi masa bayani, na ƙara da cewa yanzu ma zan share tsohuwar don in sami wuri. Ya ce, "Sabuwar ta taɓa tashi?" Na ce, "Tukuna, Allah gafarta Malam." Ya ce, "Makin yaran nan fa, yana wani wuri?" Na ce a'a. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Ni dai ban taɓa ganin wanda ya rushe tsohon rumbu tun sabon bai bushe ba. Bar ta ta kwana." Don kunyarsa kaɗai na bar ta, ba don na yarda ba.

Da dare na kashe na kunna. Allo ya yi baƙi, ya daɗe, sa'an nan ya rubuto cewa ya jira faifai har ya gaji bai gan shi ba. Na sake, haka. Kai, jama'a! Gumi ya karyo mini. Malamin da zai duba ni daga kwaleji ran Litinin zai zo, shirin darasina na mako shida da makin jarrabawar yara duk suna cikin faifan nan, ga su kusa, ba hanyar kai hannu. Takardun jarrabawar kuwa na riga na mayar wa yara, na kuma san rabinsu an ƙunshe ƙosai da su. Ashe faifan zamani irin nawa ta ƙofar nan ta SCSI ƙwaya ke ganinsa. Da hannuna na toshe ta.

Can tsakar dare na tuna da GRUB, ɗan dogarin da ke fara tashi kafin kowa, shi ke zaɓen ƙwayar da za ta hau. Al'adarsa ya ɗauki mafi sabuwa bai tambaye ka ba. Amma in ka danne Shift tun ana kunnawa sai ya nuna maka jerin duk waɗanda ke nan. Na danne. Ga 6.6 a sama, ga 5.15 a ƙarƙashinta tana zaune abinta. Na zaɓe ta hannuna na rawa. Ba a yi minti ɗaya ba sai ga allona ya dawo, kome yana inda na bar shi. Abin da na fara yi shi ne kwafe makin yara a wayata, na kuma zauna da fitila na juye shi a littafi da biro.

Ran Lahadi na mayar da layin da na yanke, na sake harhaɗawa. Wannan karo ba ta daɗe ba, don abin da ya canja kaɗai ta taɓa. Ta tashi, na buga uname -r ta amsa da 6.6, ɗan makamin ya kama intanet. Saurin da na yi tsammani don yanke-yanken da na yi kuwa, ban ga ko ɗaya ba.

Da na dawo kwaleji na ba wani abokina na sashen kwamfuta labari, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ai masu Ubuntu sun riga sun harhaɗa sabuwar ƙwaya sun ajiye, da umurni ɗaya ake saukar da ita. Ban ji haushi ba ƙwarai, gama a kwana biyun nan na san cikin injina fiye da yadda na san shi a shekara uku. Shi kuwa Malam, da na je yi masa godiya ran Litinin da safe, bai ma tuna maganar rumbu ba. Tambayata ya yi ko na cika rajistar aji.