Burodin Kitso da Fom ɗin JAMB

Mu uku ne muka haɗa kai muka rubuta wannan, dukanmu 'yan ajin ƙarshe a ɓangaren kimiyya, kuma ɗakin kwananmu ɗaya tun daga aji ɗaya. Muna so mu ba ƙannenmu labarin wani yini guda na watan Disamba, domin mai yiwuwa abin da ya same mu ya sami wasunsu.

Kowa a makarantar nan ya sani, ana gobe za a yi sujadar waƙoƙin Kirsimeti, Malamar koyar da girki takan zaɓi 'yan mata su taya ta gasa burodin da ake yanka wa baƙi bayan an tashi. A wannan karon mu aka zaɓa. Burodin ba irin na kasuwa ba ne. Yana da zaƙi da laushi, kuma kitsa shi ake yi sili uku, kamar kalaba. Malama ta ce sunansa da Jamusanci Hefezopf, wato kitson yis. Ta koya tun tana yarinya a yankin Gwoza, wurin wata Bajamushiya da ke aiki da Mishan na Basel, wanda aka kafa a ƙasar Suwizalan a 1815. A Jamus an fi cinsa da Ista da sabuwar shekara. Mutanen ƙasar Cek suna da irinsa na Kirsimeti, Girkawa kuma suna yin nasu da Ista, har su dasa masa ƙwai da aka rina ja.

Malama ta rubuta mana ma'auni a allo: fulawa kilo 1, sukari giram 150, bota giram 150, ƙwai 2, madara rabin lita, busasshen yis giram 14, gishiri ƙaramin cokali 2, sai zabibi cikin tafin hannu. Ta ce mu fara, za ta je ofis ta dawo. Mu kuwa don mu nuna gwaninta, sai muka tafasa madara, muka zuba yis a ciki tana tururi, muka kwaɓa, muka rufe. Awa guda ta wuce, kwaɓin yana nan kamar dutse.

Da Malama ta dawo ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "To, 'ya'yana masana kimiyya, me ya faru?" Muka yi tsuru tsuru. Alhali mun haddace wannan darasi, mun kuma rubuta shi a jarrabawa. Can sai ƙaramarmu ta tuna cewa yis abu ne mai rai, yana cin sukari ya fitar da iskar da ke kumbura kwaɓi, kuma zafin da ya kai digiri 60 kashe shi yake yi. Tun a 1857 Louis Pasteur na Faransa ya fara nuna cewa ƙananan halittu ne ke yin irin wannan aiki. Mun san sunan Pasteur, amma ba mu san mu taɓa madara da bayan hannu ba. Malama ta ajiye kwaɓin ta ce gobe a yi cincin da shi, domin fulawa tsada gare ta, yawancin alkamar ƙasar nan daga waje ake sayo ta.

Muka sake sabo, da madara mai ɗumi kamar ruwan wankan jariri. Muka murza na minti 15 har kwaɓin ya daina kama hannu, ya yi santsi. Sai jira. Kwaɓin da ke da bota da sukari da yawa ba ya saurin tashi, ga kuma sanyin hunturu. Kusan awa biyu muka zauna a kan benci ba abin yi. A nan ne Malama ta tambaye mu abin da za mu cika a fom ɗin JAMB idan an dawo hutu. Muka haɗa baki muka ce, "Likita." Ta ce, "Madalla. Wace ce a cikinku ta taɓa wuni a asibiti, ba ciwo ko dubiya ne ya kai ta ba?" Babu ko ɗaya.

Daga nan magana ta ɓalle. Babbarmu ta ce tun ranar da ta shiga ajin kimiyya mutanen garinsu suke kiranta "Likita", Babanta kuma buhunan masara yake sayarwa kowane zango don kuɗin makaranta, amma ita ko jinin kaza ta gani sai jiri ya ɗebe ta. Abin da take jin daɗinsa shi ne koya wa 'yan ƙananan azuzuwa lissafi da yamma. Ƙaramarmu ta ce shekara uku tana fama da Fizis da Kemistiri don dole, kuma yau ce ranar farko da kimiyya ta ba ta sha'awa, da ta ɗaga kyalle ta ga kwaɓi ya fara motsi. Ta tsakiyarmu ta ce ita har zuciyarta likitanci take so, tun da yayarta ta sha wuya wurin haihuwa a ƙauye, sai dai tsoron faɗuwa ne ke hana ta barci. Shekara shida muna kwana ɗaki ɗaya, ba mu taɓa gaya wa juna waɗannan abubuwa ba.

Malama ba ta ce kowa ya canja ba. Lissafi ta yi mana. Karatun likita shekara shida ne, sai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, sannan bautar ƙasa. Ta ce wanda ya ɗauki wannan kaya don a kira shi da wani suna, tun ba a yi nisa ba wuyansa zai gaya masa. Ta ba mu aiki biyu na hutu. Na ɗaya, kowace ta je ta ga aikin da take so da idonta. Na biyu, kowace ta yi wa iyayenta magana kafin a cika fom, ba bayan an cika ba, domin ba a ɓoye wa mai biyan kuɗi gaskiya.

Da kwaɓin ya ninka, muka danne shi, muka raba, muka murza silla dogaye. Kitso dai ba baƙonmu ba ne, amma sai da Malama ta kwance na farko, ta ce mun ja da ƙarfi kamar kan amarya, dole a bar masa wurin kumbura. Bayan minti 40 muka shafa ƙwai a sama, muka sa a obin mai zafin digiri 180. Cikin rabin awa ƙamshi ya kai har ɗakin malamai. Muka ƙwanƙwasa ƙasansa, ya yi ƙara kamar ƙaramar ganga, alamar ya gasu ke nan. Washegari ko ɓurɓushi bai saura ba.

Ga abin da ya biyo baya. Ta tsakiyarmu ta yi mako biyu tana taimako a asibitin garinsu, ta wanke tasa, ta ga ciwo iri iri, ta dawo da niyyarta ta ƙara ƙarfi. Ƙaramarmu ta yi kwanaki a wani gidan burodi, ta cika Kimiyyar Abinci, Mamanta kuma ta sa mata albarka. Babbarmu ce tata ba ta zo da sauƙi ba. Da ta ce tana so ta zama malamar lissafi, Babanta ya yi kwana uku bai ce mata uffan ba. Daga baya ya yarda ta cika abin da take so, amma har yanzu idan aka kira ta "Likita" a gabansa, sai ya tashi ya shiga ɗaki. Muna roƙon ku tuna da su biyun cikin addu'a.

'Yan'uwa ɗalibai, ba cewa muke yi ku guji likitanci ba, ƙasarmu tana bukatar likitoci ƙwarai. Abin da muke cewa shi ne, kada ku jira sai ajin ƙarshe kamar mu. Ku je ku ga aikin, ku tambayi masu yinsa, ku gaya wa iyayenku gaskiya cikin ladabi tun da sauran lokaci.

Muna godiya ga Malama da ta yi haƙuri da fulawar da muka ɓata. Waɗanda za a zaɓa baɗi kuma, ku tuna ku taɓa madarar da bayan hannu. Allah ya bishe mu duka.