Abin da 'Yarmu Ta Koyo a London

Sa'ad da 'yarmu ta ce za ta tafi London karatun ilimin zaman jama'a, hankalinmu bai kwanta ba. Mun ji tsoro kada a koya mata cewa ekklesiya ƙungiya ce kawai kamar ta 'yan kasuwa, ta komo ba bangaskiya. Muka kai maganar gaban Ubangiji, muka sallame ta.

A can aka ba ta littafin Baba of Karo na 1954, labarin wata tsohuwa Bahaushiya ta ƙasar Zazzau, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta. Ta ce mana, "Baba, Mama, ashe labarin ƙasarmu ake karantawa a nan!"

Da ta zo hutu, sai ta tambaye mu, don me muka zauna a Kawo bayan rikicin Fabrairu na 2000, alhali Kirista da yawa sun haye kogin Kaduna zuwa Sabon Tasha da Narayi? Ran nan muka faɗa mata abin da ba mu taɓa faɗa ba. Maƙwabcinmu Musulmi ne ya ɓoye mu kwana uku a ɗakin matarsa, ita tana goye. Ta yi kuka. Washegari ta je ta durƙusa ta gaishe shi, ta rubuta labarinsa daga bakinsa.

'Yan'uwa iyaye, in naku ya zaɓi wannan karatu, ku raka shi da addu'a. Tamu ta komo da bangaskiyarta, ta kuma san maƙwabcinta.