Hutun Bayan Bak: Tambayar Da Baba Ya Yi Mini



Shekarar da na ci bak, aka yi guɗa a gidanmu na Birni, ni kuwa duk shirina na hutun damina bai wuce fada da shayi ba. Kwana uku da fitar sakamako, Baba ya tsayar da ni bayan sallar asuba ya ce, "Kai, in ka miƙe a raka'a ta biyu ba ka zauna tahiya ba, ƙabli za ka yi ko ba'adi?" Na yi tsit. Ni da na cika takardu da falsafa a Faransanci! Ya ce, "Gobe ka je zauren Malam."

Na je ina kumbure-kumbure. Malam ya miƙo mini Ahalari, littafin fiƙihun Malikiyya da Abdurrahman al-Akhdari na Aljeriya ya rubuta a ƙarni na 16. Yana karanta Larabcin gaɓa-gaɓa, yana fassarawa da Hausa. Sai ya haɗa ni bita da wani yaron tela wanda bai taɓa shiga lakwal ba. Wallahi shi yake gyara mini. Nan girman kaina ya fara sauka.

Bayan la'asar kuma dattijai su buɗe tarihi. A bakinsu na ji yadda Sarki Tanimu ya kewaye Birni da ganuwa, da yadda aka kashe Kyaftin Cazemajou a 1898 zamanin Amadu Kuran Daga, Faransawa suka shigo a 1899, har aka ɗauke babban birnin ƙasa daga Zinder zuwa Yamai a 1926. Kullum ina wuce ƙofar fadar Sarki, ashe ban san garina ba.

Da daɗewa bayan haka na ji labarin Yahudawan Amurka. Wasu jami'o'i da makarantunsu na addini kan buɗe kwas na ƴan makonni a babban hutu, musamman don ƴan lise da ke dab da shiga jami'a. Ana koya musu Ibrananci, Attaura, Talmud da tarihin al'ummarsu, sau da yawa bibbiyu suna muhawara kan nassi ɗaya, abin da suke kira havruta. Na tuna yaron telan nan. Addininmu daban da nasu, amma lissafin ɗaya ne da na Baba: wannan hutun shi ne na ƙarshe da yaro yake hannunka sosai.

To bana ɗiyata ta ci bak. Ko Jami'ar André Salifou ta nan Zinder za ta shiga, ko ta Abdou Moumouni a Yamai, duk ɗaya, ta kusa fita hannuna. Na yi mata tambayar Baba. Ta yi murmushi, ta ce bari ta duba a waya.

Ban yi faɗa ba, don laifin nawa ne. Shekara da shekaru ina biya mata kuɗin darasin hutu na lissafi, ban taɓa tambayar inda ta tsaya a Islamiyya ba. Malam ya rasu, Allah ya jiƙansa. Zauren yanzu shagon cajin waya ne.

Sai na kakkaɓe tsohon Ahalarina. Kowane dare bayan isha'i muna zama ni da ita. Jiya a babin mantuwa ni ma na kakare, muka yi ta dariya, amma raina bai yi daɗi ba.

Shi ya sa nake roƙo. Malamanmu na Birni, Zango da sauran unguwanni, maza da mata, ba za a iya tsara karatun mako shida don ƴan bak ba, fiƙihu da safe, tarihin Damagaram da marece? Wanda ya san inda ake yin haka, don Allah ya sanar da mu. Zan kawo ɗiyata, ni ma in zauna a baya.